Kafin a Yi wa Hawandawaki Nasiha ta Waya, a Fara Sanin Kalmominta

A Hawandawaki, ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Tasawa a jihar Maraɗi, kusa da iyakar Nijeriya, labarin mutuwa yakan iso ne ta wayar salula. Matashi ya tafi cin rani Kano ko Libiya, ajali ya riske shi a can, sai saƙon murya ya isa ga mahaifiyarsa kafin gawa, in ma gawar za ta zo. Tun da waya ke kawo baƙin ciki, ba abin mamaki ba ne a yi tunanin ta kawo sauƙinsa. A ƙasashe da dama ana ganawa da ƙwararrun masu ba da shawara ta intanet kan damuwa, rashi da sauyin rayuwa. Sai dai wannan hanya ba za ta amfani mutanen Hawandawaki ba muddin ba a warware matsalar harshe ba, kuma warware ta aikin masu nazarin harshe ne.

Matsala ta farko ita ce suna. Abin da likitoci ke nufi da lafiyar tunani, sau da yawa ana danganta shi a Hausa da “taɓin hankali”. Uwar da ta rasa ɗanta ba za ta kira lambar da aka ce ta masu taɓin hankali ce ba, domin ba ta haukace ba. Ita cewa za ta yi tunani ya yi mata yawa, ko barci ya ƙaurace mata, ko zuciyarta na ciwo. Wanda bai san harshen ba zai ɗauki “ciwon zuciya” a matsayin cutar jiki kawai, ya tura ta awon jini, alhali kewa ce ke cin ta.

Ta biyu ita ce kunya. Bahaushiya ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗanta na fari, kuma al'ada ta hore ta da ɓoye ƙaunarsa a bainar jama'a. Jerin tambayoyin da aka tsara da Faransanci ko Ingilishi, masu neman amsa kai tsaye, za su ɗauki shirunta a matsayin lafiya. Haka kalmar “haƙuri”: ita ce ginshiƙin ta'aziyya, amma idan mai ba da shawara ya furta ta da wuri, ya rufe bakin wadda ta fara magana.

Akwai masu cewa ba a bukatar wannan duka, domin al'umma na da hanyarta: zaman makoki, sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in, da nasihar malamai. Maganarsu na da nauyi, kuma babu manhajar da za ta maye gurbin maƙwabciya. Amma bayan arba'in jama'a kan watse, mai takaba kuwa na cikin gida har wata huɗu da kwana goma. A wannan tsakanin ne waya za ta iya yin amfani, in dai da murya ne ba da rubutu ba, kuma an lura cewa waya ɗaya kan ratsa hannuwa da yawa a gida guda, abin da ke barazana ga sirri.

Zimbabuwe ta ba da misali. A 2006 likita Dixon Chibanda ya fara shirin Friendship Bench a Harare, inda aka horar da tsofaffin mata su saurari masu damuwa. Sun gina aikin ne a kan kalmar harshen Shona, “kufungisisa”, wato yawan tunani, wadda jama'a suka riga suka sani, maimakon sunan cuta na asibiti.

Hausa ba ta rasa irin wannan arziki ba. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun tattara kalmomi masu yawa, amma ƙamus ba ya nuna yadda matar Tasawa ko Mayahi ke bambanta “damuwa” da “ɓacin rai”, ko “kewa” da “baƙin ciki”, a cikin zance. Wannan sai an je an zauna, an saurara da izinin masu magana, an rubuta. A watan Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Darajar wannan matsayi za ta tabbata ne idan mai jimami ya iya neman taimako da shi.

Saboda haka ya dace ɗaliban harshe a jami'o'in Nijar da Nijeriya su mai da kalmomin jimami batun kundin bincikensu, su haɗa kai da ma'aikatan lafiya, su fitar da ƙaramin ƙamus na karin harshen yankin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma uwar Hawandawaki ta riga ta san sunan abin da ke damun ta. Abin da ya rage shi ne a samu mai fahimtar ta a ɗaya ɓangaren wayar.