Daga Bakolori zuwa Dakko: Wa zai adana tarihin yammacin Zamfara kafin shaidu su ƙare?

A ƙarshen watan Afrilun 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa manoman yankin Bakolori da suka tare hanyoyin aikin madatsar ruwa suna neman diyyar gonakinsu. Birnin Tudu, da ke ƙaramar hukumar Bakura a yau, na cikin garuruwan da abin ya fi shafa.

Gwamnatin wancan lokaci ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Masu bincike da suka bi diddigin lamarin daga baya sun ce adadin ya haura 380.

Sama da shekara 45 ke nan ana wannan saɓani. Saurayin da ke da shekara 25 a ranar da abin ya faru, yanzu ya kai 70 ko ya wuce. Duk damina sai an rasa wasu daga cikin waɗanda suka gani da idonsu, kuma kowane ɗaya da abin da ya sani yake tafiya.

Wannan ne ya sa batun laburaren jama'a a Talata Mafara da Bakura da Maradun ya wuce maganar shirya littattafai a kan kanta. Magana ce ta inda al'umma za ta ajiye abin da ya faru da ita.

Tarihin yana nan, amma yana nesa

An yi rubutu a kan wannan yanki, kuma rubutu mai nauyi. Matsalar ita ce inda rubutun yake.

Bajamushe Kurt Krieger ya tattara labaran sarakunan Zamfara daga bakin mutanen ƙasar, ya buga littafinsa a Berlin a 1959, da harshen Jamusanci. Marigayi Dakta Garba Nadama ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1977, a kan tasowa da rushewar daular Zamfara. Shi ne kuma mataimakin gwamnan Sakkwato lokacin rikicin Bakolori, kafin ya gaji Shehu Kangiwa a 1981. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Bjorn Beckman, ya yi nazari a kan rikicin da Turanci a tsakiyar shekarun 1980.

Takardun mulkin Turawa na Lardin Sakkwato, waɗanda suka ƙunshi rahotannin gundumomi da kuɗin haraji da jangali, suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Rubuce-rubucen malaman jihadi da wasiƙun sarakuna suna gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, wasu a Arewa House.

Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoban 1996, an raba ma'aikata da motoci da ofisoshi. Manyan rumbunan tarihi kuwa suna nan inda suke tun asali.

Don haka matashin Dakko da ke son sanin yadda gundumarsu take a zamanin kakansa, sai ya nemi kuɗin mota zuwa Sakkwato ko Kaduna, ya bi hanyar da kowa ya san halin da take ciki, sannan ya iya Turancin rahoton Joji. Mutum nawa ne za su iya?

Akwai ɗakunan karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da jami'ar jiha da ke Talata Mafara, da kwalejin aikin gona ta Bakura. Amma waɗannan an yi su ne don ɗalibai da malamansu. Manomi ko mai sayar da fura ko almajirin da ya sauke Alƙur'ani ba ya ganin wurin a matsayin nasa.

Abin da ke hannun mutane

Ɓangare mafi girma na tarihin yankin bai taɓa shiga kowane rumbu ba.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, kuma Faru na cikin wuraren da ya zauna. Tun daga lokacin gidajen malamai ke gadon littattafan da aka kwafa da hannu, ana ajiye su cikin gafaka da adaka. Akwai na fiƙihu, akwai waƙoƙin wa'azi da ajami, akwai takardun rabon gado da na cinikin gona.

Akwai kuma tarihin da ke cikin kiɗa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, haifaffen Ɗankadu ne ta ƙasar Bakura, ya kuma tashi a gidan kiɗan fadar Sarkin Kayan Maradun. Sa'idu Faru ma ɗan wannan yanki ne. Waƙoƙin fada cike suke da sunayen sarakuna da jerin kakanninsu, da garuruwa da yaƙe-yaƙe. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya yi aiki mai yawa wajen rubuta tarihin makaɗan Hausa, amma fitattun ne suka samu shiga littafi. Makaɗan noma da na maza da zabiyoyin ƙauye, nasu yana cikin tsofaffin kaset da ke narkewa a ɗakunan mutane.

Sai ilimin fadama. Kafin kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar a 1978, manoman bakin Gulbin Sakkwato sun san lokacin da ambaliya ke zuwa, da irin shinkafar da ta dace da kowane kwari, da tafkin da ake su a cikinsa da rani. Madatsar ta sauya tafiyar ruwan, an tashi garuruwa an kai mutane sabbin matsugunai irin su Sabuwar Maradun. Sunayen tsofaffin unguwanni da maƙabartu da gonakin da ruwa ya cinye, a kan dattawa kawai suka rage.

Ta'addanci na cin tarihi

A da, gara da ɗigar ruwa da gobara ne abokan gabar takarda. Yanzu an samu wanda ya fi su sauri.

Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'Yan Sanda, Mohammed Abubakar, ya ce daga 2011 zuwa 2019 an raba mutum sama da 190,000 da muhallansu a jihar, an mayar da yara fiye da 25,000 marayu. Tun daga lokacin abin bai tsaya ba.

Shekarar 2021 kaɗai ta isa misali a waɗannan ƙananan hukumomi uku. A watan Fabrairu aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta Talata Mafara. A watan Agusta aka kai hari kwalejin aikin gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta Maradun.

Wanda ya gudu cikin dare da 'ya'yansa a hannu ba ya tsayawa ɗaukar adakar littattafan kakansa. Idan aka cinna wa gari wuta, takardun da ke ciki sun tafi ke nan. Idan mutanen gari suka watse, wasu Gusau, wasu Sakkwato, wasu har Maraɗi, zaman dandali da hirar dare da ake miƙa labari daga tsoho zuwa yaro sun yanke.

Wani zai ce ai yanzu komai yana cikin waya. To, a watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara na tsawon makonni. Ko ba wannan ba, hoton da ke yawo a WhatsApp ba shi da kwanan wata, ba a san wanda ya ɗauka ba, kuma ranar da wayar ta faɗa ruwa shi ke nan.

Me laburare zai yi a nan?

Kundin manufofin laburaren jama'a na hukumar UNESCO da ƙungiyar laburarori ta duniya, wanda aka sabunta a 2022, ya sanya adana ilimi da tarihin al'ummar da laburare ke cikinta, har da na baka, cikin ayyukansa na asali.

A ƙasa kuwa, aikin ba mai wuyar ganewa ba ne. Ɗaki biyu a hedikwatar ƙaramar hukuma, da sola, da kwamfuta, da na'urar ɗaukar hoton takardu, da rakoda, da ma'aikaci ɗaya ko biyu da suka san aikin.

Da safe a yi ajin yaƙi da jahilci na manya, boko da ajami. Da rana ɗalibai masu shirin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB su samu wurin zama mai haske. A ware wa mata rana tasu, da mace mai kula da su, don a yankin nan ba kowane magidanci zai bar iyalinsa su shiga wurin da maza suka cika ba. Malaman gona su riƙa zama da manoman rani a nan.

Waɗannan shirye-shirye su ne ke jawo mutane, kuma sai mutane sun saba da wuri suke yarda su kawo abin da suka gada. Dattijon da jikansa ke karatu a ɗakin, shi ne zai yarda ya zauna a naɗi muryarsa. Malamin da ya ga an ɗauki hoton littafin maƙwabcinsa an mayar masa da abinsa lafiya, shi ne zai buɗe tasa adakar.

Ba sai an je nesa neman misali ba. A Jamhuriyar Nijar akwai ƙananan cibiyoyin karatu da raya al'adu na karkara da ake kira CLAC, tsarin da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta fara a 1986. A Yamai kuma akwai cibiyar CELHTO, wadda tun 1968 aikinta shi ne tattara tarihin baka.

Darasin Timbuktu ya fi kusa da halin da ake ciki. Da masu ɗauke da makamai suka kama birnin a 2012, iyalai da masu kula da laburarori ne suka fitar da dubban ɗaruruwan rubuce-rubuce a ɓoye zuwa Bamako. Sun iya haka ne saboda tun kafin rikicin an san me ke akwai da kuma gidan da yake. A nan, ko wannan lissafi na farko yana jiran mai yi.

Inda gizo ke saƙar

Mai adawa da wannan shawara yana da hujja. Mutumin da ke biyan 'yan bindiga kuɗi kafin ya girbe gonarsa, laburare ba shi ne a gabansa ba. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Nuwamban 2023 saboda azuzuwa kansu sun lalace, kuma duk naira ɗaya tana da masu jiran ta.

Amma kuɗin irin wannan ɗaki bai kai na kilomita ɗaya na kwalta ba. Kuma gini yana iya jira, tsoho mai shekara 80 ba ya jira. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma haɗari na gaske. Naɗar bayanin wanda aka yi garkuwa da shi na iya jefa shi cikin matsala idan muryar ta fita. Dole a sami ƙa'ida: abin da ya shafi rikicin yanzu a rufe shi na wasu shekaru, a ɓoye suna, kuma kada a ajiye kwafi ɗaya tak a wuri ɗaya.

Tarihin sarauta ma wuta ne. Kowane gida da nasa zancen kan wanda ya kafa gari. Idan aka bar fada ko jam'iyya mai mulki ta zaɓi muryar da za a naɗa, an samu kundin yabo ne kawai. A naɗi Bahaushe da Bafulatani, da Burmawa da Zamfarawa, da masunta da maƙera, da mata. Rigimar manomi da makiyayi ta ginu a kan tambayar ina burtali ya bi, ina mashaya take, wa ya sayar da makiyaya. Dattawan ɓangarorin biyu sun san amsa, kuma amsar za ta yi amfani ranar da aka zauna sulhu na gaskiya.

Nauyin yana kan wa?

Daga 1999 zuwa 2023, 'yan waɗannan ƙananan hukumomi uku sun mulki Zamfara shekara 20 cikin 24: Ahmad Sani Yariman Bakura shekara takwas, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara takwas, Bello Matawalle na Maradun huɗu. Yankin da ya fitar da gwamna uku ba zai ce ba shi da masu faɗa a ji ko masu hannu da shuni ba.

Ƙananan hukumomi ma ba su da mafaka. Tsarin mulkin 1999 ya ba su hannu a ilimin firamare da na manya, kuma ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai-tsaye. Duk da jan ƙafar da ake yi wajen aiwatarwa, wannan aiki ne daidai ƙarfin shugaban ƙaramar hukuma.

Manyan makarantun Mafara da Bakura suna da ɗalibai da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu. A tura su da rakoda zuwa unguwannin 'yan gudun hijira, inda dattawan ƙauyuka da dama suka taru a wuri guda. Hukumar laburare ta jiha ta nemo kwafin takardun gundumomin nan daga Kaduna da Sakkwato, a fassara muhimmai zuwa Hausa. Akwai ma tallafin waje: tun 2004 Laburaren Birtaniya ke da shirin ba da kuɗi don ceto takardun da ke cikin haɗari, kuma an riga an yi aiki da shi a Kaduna.

Abin tsoro shi ne a mayar da maganar kwangila, a gina katafaren gini, a yanke kyalle, a kulle. Ma'aunin nasara a nan shi ne yawan muryoyin da aka naɗa da yawan mutanen da ke shiga kullum.

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Idan aka fara da shaidun Bakolori a bana, jikokinsu a Dakko da Birnin Tudu za su ji labarin daga bakin masu shi. Idan aka ƙara shekara goma ana shawara, abin da zai rage shi ne alƙaluma biyu masu karo da juna, babu wanda za a tambaya.