Wanda Ya Zuba, Shi Ma Zai Amsa



Akwai abin da ya fara shigo mana, kuma ba za mu yi shiru ba. Ranar bikin aure ko suna, a ƙofar gida ana rabon zoɓo da kunun zaƙi, zumuntar mata na waƙa, a bayan ɗaki kuwa an ɓoye wa "manyan baƙi" kwalabe da jarkar burkutu. In an yi magana sai mai biki ya ce, "Ai ban ɗura wa kowa ba." Wani kuma ya kawo mana bikin Kana.

Mun karanta Yahaya sura 2, ba mu ga inda aka kwashi wani ranga-ranga daga Kana ba. Mu buɗe Habakuk 2:15: a kan mai bugar da maƙwabcinsa annabi ya yi kaito. A Romawa 14:21 Bulus ya gwammace a haƙura da ruwan inabi da a sa ɗan'uwa tuntuɓe.

Mu tuna kuma inda muke. A Disamba 2021 'yan bindiga suka ƙone matafiya cikin mota a hanyar Sabon Birni zuwa Isa. Hanyar da mai cikakken hankali ke bi yana addu'a, ita za mu saki ɗan wani a kan babur, cikin duhu, da maye a kansa? In ya yi gardama a shingen sojoji fa? Me za mu gaya wa mahaifiyarsa?

Ga kuma shaidarmu. Tun 2000 Jihar Sakkwato ke bin Shari'a, mu kuwa ba mu da yawa. Matashi ɗaya ya yi tangaɗi a kasuwa, ikkilisiya duka aka zaga.

Matsayinmu ke nan: kada giya ta shiga bikinmu. In baƙo ya zo da mayensa, ba korarsa za mu yi ba. A karɓi makullin babur ɗinsa, a ba shi tuwo da ruwa, a shimfiɗa masa tabarma, maganar tuba sai da safe. A tashi taro da la'asar, na nesa su isa gida da sauran rana.

Baƙo amana ne har ya taka ƙofar gidansu. Kayinu ne ya fara musun cewa ɗan'uwansa na wuyansa. Ubangiji ya tsare mu daga irin amsarsa. Amin.