Kiwon gizo-gizon Sokotra: a gyara sha'awar yaro, kada a kashe ta

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ke kiwon manyan gizo-gizo masu gashi, waɗanda ake kira tarantula, kamar yadda samarinmu ke kiwon tattabaru. Hotunansu sun cika intanet, kuma suna isowa salular yaranmu a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. Da yaro ya nuna wa babba irin wannan hoto, amsar da yakan samu ita ce tsaki da "aikin banza". Ni dai ina ganin wannan amsa kuskure ce. Akwai abin koyo a cikin kiwon, akwai kuma abin tsoro, kuma ya kamata malamai da iyaye su san su duka.

Bari mu ɗauki irin da masu kiwo suka fi ɗoki a kansa. Sunansa na kimiyya Monocentropus balfouri, ƙafafunsa shuɗi ne, kuma asalinsa tsibirin Sokotra na ƙasar Yaman. Masani Pocock ne ya bayyana shi a 1897. Yawancin tarantula ba sa zama tare. In aka haɗa biyu a akwati ɗaya, babba yakan cinye ƙarami. Wannan kuwa, a hannun masu kiwo, yakan zauna da ƴan'uwansa goma ko ashirin, su saƙa yana ɗaya mai ramuka da yawa, har su taru a kan gyare guda suna ci. Uwar ma takan kashe abinci ta bar wa ƴaƴanta, shi ya sa masu kiwo da dama ke barin jakar ƙwan a wurinta maimakon su ɗauke.

Zaman nan ba ya yiwuwa da ka. Mai kiwo yakan fara da ƴaƴan uwa ɗaya. Ba ya ba su akwati mai faɗi ainun, don kada kowa ya ware yankinsa faɗa ya tashi. Yana barin ƙasar akwatin a bushe, da ɗan ruwa a gefe, yana kuma lura kada yunwa ta shiga tsakaninsu. Idan gizo-gizon zai yi saɓa, yakan daina cin abinci, ya kwanta rigingine kamar ya mutu. Wanda bai sani ba sai ya taɓa shi ya halaka shi. Wanda ya sani sai ya ƙyale shi kwanaki har sabuwar fatar ta yi ƙwari. Mutum yakan yi shekaru yana jira kafin macen ta isa haihuwa, kuma ƙwanta gomomi ne kawai, alhali wani irin na Barazil yakan zuba fiye da 1,000.

To, malam, duba abin da ke cikin wannan aiki: haƙuri, lura, rubuta ranar da aka ciyar da ranar da aka yi saɓa, gwada abu a ga sakamakonsa. Ai shi ne abin da muke fama mu cusa wa yara a darasin kimiyya, muna rubuta shi a allo suna haddacewa, su manta bayan jarrabawa. Yaron da ya tsuguna minti ashirin yana kallon ƙwaro ya riga ya kama hanya. Idan muka yi masa tsawa, mun rufe ƙofar da muke roƙon ta buɗe.

Amma ban ce a saya wa yaro wannan gizo-gizon ba. Dalili na farko shi ne lafiya. Tarantulan Afirka da Asiya suna da sauri, dafinsu kuma ya fi na ƴan'uwansu na nahiyar Amurka zafi. Ba abin wasan ɗan firamare ba ne, balle a gidan da ke cike da ƙananan yara.

Dalili na biyu ya fi nauyi. Duk dabbar da aka ce ba ta da yawa, farashinta tashi yake, kuma inda kuɗi ya tashi, masu kwasowa daga daji ba sa barci. Sokotra tsibiri ne da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2008, domin fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsirransa babu su a ko'ina. Halittar da gidanta ɗaya ne a duniya, in aka kwashe ta daga can, babu inda za a je a samo wata. Masu kiwo sukan ce hayayyafar da suke yi a gida tana rage kamun na daji. Akwai gaskiya a ciki, muddin mai saye zai tambayi asalin abin da ya saya, ya ƙi wanda aka kamo. Amma da hakan kaɗai ya isa, da yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji ba ta sa tarantulan Brachypelma na Meziko cikin jerinta a 1995 ba, da kuma Poecilotheria na Indiya da Siri Lanka a 2019.

Kada mu ɗauka abin ya yi mana nisa. Babbar baƙar kunamar nan ta dazuzzukan Gana da Togo da Benin, an yi ta fitar da ita zuwa kasuwannin Turai da Amurka har ita ma ta shiga jerin CITES a 1995. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yaron da ya koyi cewa ƙwaro kuɗi ne kafin ya koyi amfaninsa, gobe shi ne zai cika buhu ya miƙa wa dillali.

Mafita tana kusa da mu. Malami zai iya sa ajinsa su bi zanzaro yana gina ɗakinsa a bango, su rubuta abin da yake kaiwa ciki. Za su iya ajiye tsutsa a kwalba da ganyen da aka same ta a kai, su ƙirga kwanakin da za ta yi kafin ta zama malam-buɗe-littafi, sannan su sake ta. Ko dala ba za a kashe ba. A kuma gaya musu cewa kiwon ƙwari sana'a ce ta masana: a cibiyar INRAN ta Maraɗi ana kiwon wani ɗan ƙaramin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, ana sakinsa a gonaki domin ya kashe tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi. Masu wannan aiki da lura suka fara.

Saboda haka, iyaye, in yaro ya zo muku da hoton gizo-gizon Sokotra, ku zauna ku kalla tare. Ku tambaye shi me ya gani, daga ina aka samo shi, wa ya kamo shi. Sannan ku ba shi littafin rubutu da fensir, ku nuna masa bangon gida da gindin itace. Dokar ɗaya ce: a duba, a rubuta, a bar halitta inda aka same ta.