Wayar da ke tsufa kafin a gama biyan bashinta

Kamfanin Apple ya faɗa a bayanan wayoyinsa cewa an ƙera iPhone don ta yi aiki a inda zafi bai wuce digiri 35 ba, kuma idan ya haura haka batir na iya samun raunin da ba ya warkewa. Duk wanda ya taɓa yin watan Maris a Minna ya san cewa da rana tsaka ma'aunin zafi kan doshi 40. Gargaɗin bai tsaya kan iPhone ba, domin batirin da ke cikin Tecno da Samsung da Redmi duk na sinadarin litiyam ne, kuma zafi na cin su baki ɗaya. Shi ya sa waya mai kumburarren ciki, wadda batirinta ya tura murfi har ya ɗaga, ba baƙuwa ba ce a teburin masu gyara na rukunin shagunan Obasanjo da ke kusa da shataletalen Mobil.

A zamanin Nokia mai tocila, wannan ba abin kai wa mai gyara ba ne. Mai waya zai sa farce ya ɓalle murfi, ya cire batir, ya sayi wani a bakin titi, shi ke nan. Yau sai an hura wa wayar iska mai zafi har gam ɗin da aka manne ta da shi ya saki, a zura siririn ƙarfe a hankali, ana fargabar kada gilashin baya ya tsage ko wayar da ke haɗe da sikirin ta tsinke, sannan a ɓamɓaro batirin da shi ma an manne shi. Aikin minti ɗaya ya koma aikin gwani. Kamfanoni na cewa mannewar ce ke sa waya ta yi siranta, ta kuma hana ruwa shiga. Akwai gaskiya a ciki. Amma babu wanda ya tambayi ɗan acaɓan Kpakungu ko 'yar kasuwar Kure ko sun fi son siranta a kan waya mai kai shekara biyar, alhali su ne ke biyan kuɗin wannan zaɓi.

Nauyin da aka ɗora wa waya a garin nan ya fi wanda maƙeranta suka yi tsammani. Ita ce banki, tun bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya tura har dattawa zuwa tura kuɗi ta waya. Ita ce rediyo, ita ce laburaren ɗalibi, ita ce tocila. Ga matasa kuwa ita ce na'urar wasa. Waɗanda suka taso da Brick Game mai batir biyu, ko wasan maciji na Nokia, ƙannensu yanzu suna buga Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty da eFootball. A ƙasashen masu hali an ware wa wannan aiki na'urarsa daban: Nintendo Switch ta fito a 2017, Steam Deck ta kamfanin Valve a 2022 a kan dala 399, Switch 2 a watan Yunin 2025 a kan dala 450. Da dala ta haura naira 1,500 a 2024, irin wannan farashi ya wuce naira dubu ɗari shida tun kafin a sa kuɗin dako da na kwastan. Ɗalibin da ke zaune a Bosso ko Gidan Kwano ba ya ko mafarkinta. Wayar da aka saya masa don karatu ita ce za ta yi wasan.

Kuma yawanci sai ta yi shi tana jone da caja, saboda ba a san lokacin da za a ɗauke wuta ba. (Wannan a jihar da ke da tashoshin wutar Kainji da Jebba da Shiroro, ga kuma Zungeru mai megawat 700, magana ce mai zaman kanta.) Zafi uku ne ke haɗuwa a cikin siririn kwano maras fanka: na injin wayar da wasan ke tatsa, na cajin da ke shiga, da na garin kansa. Batirin da ya kamata ya yi shekara uku yana riƙe caji sai ya fara zuba tun a ta biyu.

Steam Deck ta cancanci a dube ta, ko da ba za a saye ta ba, domin ta nuna cewa rufe na'ura ruf ba dole ba ne. Da ƙananan notuna aka ɗaure bayanta, sukudireba ce ke buɗe shi. Valve ya haɗa kai da kamfanin iFixit tun 2022, ana sayar wa kowa batir da sikirin da fanka da maɓallai na asali, tare da bayanin yadda ake sauya su. Ya ma saki zanen gangar jikin na'urar kyauta ga mai son ƙera mata wani abu. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita, SteamOS, an gina ta ne a kan Linux, kuma mai na'urar na da ikon cire ta ya sa Windows idan ya ga dama. Abin wasa ne, amma maƙeransa sun ɗauki mai saye a matsayin mai kaya. Wayar da ke riƙe da asusun bankin mutum da hotunan iyalinsa ba ta samu wannan mutuncin ba.

A nan dole a yi wa Transsion adalci. Wannan kamfani na birnin Shenzhen, mai Tecno da Infinix da itel, bai mamaye kusan rabin kasuwar manyan wayoyi ta Afirka da sa'a ba. Ya lura cewa ɗan Najeriya na yawo da layi biyu saboda sabis ba shi da tabbas, sai ya kawo waya mai sim biyu. Ya lura cewa kyamarorin lokacin na mayar da fuskar baƙin mutum inuwa, sai ya gyara tasa. Ya ƙara girman batir, ya sa Hausa da Sawahili da Amharik a cikin harsunan wayoyinsa, ya buɗe cibiyoyin gyara na Carlcare. A wasu wayoyin Infinix na 'yan shekarun nan ma akwai tsarin da ke kai wuta kai tsaye ga injin waya ba tare da ta bi ta batir ba idan ana wasa, wanda ke rage zafi sosai. Duk wannan shaida ce cewa idan kamfani ya saurari mai saye na Afirka yana cin riba. Abin da ya rage a saurara shi ne tsawon rai.

Domin waya na mutuwa ta hanya biyu, kuma ta biyun ba a ganinta da ido. Jiki na iya zama garau, sikirin ba ko tabo, amma Android ɗin da ke ciki ya tsufa kuma kamfani ya daina aiko da sabuntawa. Daga Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayar da Android ɗinta bai kai na 5 ba. Manhajojin banki su ma haka suke ɗaga ƙa'idarsu lokaci zuwa lokaci, kuma suna da hujja, tunda tsohuwar manhaja ƙofa ce da ɓarawo ya riga ya san makullinta. Ranar da manhajar banki ta ƙi buɗewa, mai gyara na iya yin filashin sau goma, ba abin da zai sauya. Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin sabuntawa na shekara bakwai a 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a farkon 2024. Amma waɗannan wayoyin manya ne. Da yawa daga cikin masu araha, waɗanda su ne a hannun yawancin mutanen Tunga da Maitumbi da Chanchaga, sabon Android ɗaya suke samu, wasu ko ɗaya babu. Talaka, wanda ya fi kowa buƙatar wayarsa ta daɗe, shi aka ba wa mafi gajartar kwana. Wanda ya karɓi tasa bashi yana biya wata-wata, kafin ya huta da biya an fara ƙidaya mata kwanaki.

Batun tsaro ba tatsuniya ba ne. A 2020 wani kamfanin binciken tsaron waya mai suna Upstream ya bayyana cewa ya gano muguwar manhaja mai suna Triada a dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a wasu ƙasashen Afirka, tana yi wa masu su rajistar abin da ba su nema ba tana cinye musu kati da data. Transsion ya ce daga wajen wani mai kawo masa kaya matsalar ta fito, kuma ya fitar da gyara. Gyaran ta hanyar sabuntawa yake isa ga mutane. Wayar da aka daina aiko mata da sabuntawa, idan irin haka ta same ta, ba ta da mai ceto.

Kwamfutoci ma sun shiga wannan layi. A ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake ba Windows 10 kyauta, Windows 11 kuma ba ta karɓar yawancin injinan da aka ƙera kafin 2018, domin tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma sabon injin sarrafawa. Kwamfutocin hannu na gwanjo da ɗalibai da shagunan buga takardu ke amfani da su, da yawansu na wancan zamanin ne. Suna aiki lafiya. Wata mafita da ba ta cin ko sisi ita ce Linux, irin su Ubuntu da Linux Mint, waɗanda ke tafiya sumul a tsohuwar kwamfuta, su yi rubutu da lissafi da shiga intanet. Abin takaici ne a ce garin da ke da Jami'ar Fasaha ta Tarayya tun 1983 har yanzu mai shagon kwamfuta bai san abin da zai ce wa abokin ciniki ba sai a sake sa masa Windows ta sata.

Turai ta daina roƙon kamfanoni, ta koma kafa musu doka. Daga 28 ga Disamba 2024 duk wayar da za a sayar a Tarayyar Turai sai ta zo da bakin caji na USB-C, abin da ya sa Apple ya ajiye nasa bakin tun a iPhone 15. Daga 20 ga Yuni 2025 sai batir ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 na ƙarfinsa, sai kamfani ya tanadi muhimman kayan gyara har shekara bakwai bayan ya daina sayar da samfurin, sabuntawar manhaja kuma aƙalla shekara biyar. Wata dokar ta daban kan sauƙaƙa cire batir za ta fara aiki a 2027. Faransa tun a 2021 ta tilasta a manna wa waya maki daga cikin goma da ke nuna sauƙin gyaranta.

Za a ce ai alherin zai gangaro nan da kansa, kamar yadda USB-C ya gangaro. Ba lallai ba. Bakin caji abu ne na jiki, kamfani ba ya son ƙera iri biyu. Amma alkawarin kayan gyara da na sabuntawa a takarda yake, yana tsayawa inda doka ta tsaya. Kuma wayoyin da suka cika kasuwar Minna da Farm Centre ta Kano, yawancinsu ba don Turai aka yi su ba tun asali.

Za a kuma ce irin wannan doka za ta ƙara tsada, a lokacin da mutane ke neman na abinci. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba a kore ta da hannu. Sai dai lissafin da ya dace shi ne na shekara, ba na ranar saye ba. Wayar naira dubu 150 da ta yi shekara biyu ta ci wa mai ita dubu 75 a shekara. Idan an ƙara mata dubu 20 ta yi huɗu, ko da an sauya mata batir sau ɗaya a tsakani, abin bai kai dubu 50 a shekara ba. Kuma kowace waya da ta ƙara shekara, dala ce da ba ta fita daga ƙasar ba.

Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, tana da makami a hannu tun dokar 2003: ba a halatta sayar da samfurin waya a Najeriya sai ta tantance shi ta amince. Ba sai ta kwafo dokar Turai gaba ɗaya ba. Ta fara da abu mai sauƙi: a rubuta a jikin kwali, da manyan baƙi, shekarar da za a daina aiko wa wayar da sabuntawar tsaro, da adadin cajin da batirinta zai jure. Mai saye ya gani ya zaɓa. Bayan haka a sharɗanta cewa duk kamfanin da ke sayar da waya a nan ya riƙa sayar da batir da sikirin na asali ga kowane mai gyara, ba cibiyoyinsa kaɗai ba. Yanzu mai gyara na tambayar abokin ciniki ne, "Orijinal za a sa maka ko kwafi?", alhali shi kansa sau da yawa ba shi da hanyar tabbatar da abin da dila ya ba shi. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, da hukumar ingancin kaya, SON, nan ne aikinsu yake.

Akwai kuma abin da Minna za ta iya yi ba tare da jiran Abuja ba. Jami'ar Fasaha da ke Gidan Kwano na da sassan injiniyan lantarki da na fasahar sadarwa, tana da ɗalibai masu neman aikin binciken kammala digiri kowace shekara. Masu gyaran waya na gari kuma sun san samfurin da fanel ɗinsa ke ƙonewa da wuri, da wanda bakin cajinsa ke lalacewa da ƙurar hunturu, da wanda batirinsa ba ya tsallake bazara biyu, ilimin da ba a rubuta shi ko'ina ba. Idan aka haɗa su, aka sayi wayoyi goma da suka fi tafiya a kasuwa, aka gwada su a zafin Maris na gaske, aka buɗe kowace aka auna wahalar sauya mata batir, sannan aka karanta sakamakon da Hausa da Nufanci da Gwaranci a gidajen rediyon jihar, dilolin da ke kawo kaya daga Legas za su ji a cinikinsu kafin shekara ta zagayo. Kuɗin gwajin bai kai na motar ofis ɗaya ba, kuma gwamnatin jiha na iya ɗaukar nauyinsa a kasafin shekara mai zuwa.