Giɓin Kasafi Ba Laifin 'Yan Kasuwa Ba Ne

Da zarar ƙaramar hukuma a Ikko ko Badun ta ce kasafin kuɗinta ya sami giɓi, sai ta doshi kasuwa, ta ƙara kuɗin rumfa. Mai tumatir da mai goro suna biya ba gardama, ga lambatu a toshe, shara ta yi tsiri, alhali Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma gyaransu.

Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Can ya kamata ciyaman ya bi haƙƙinsa, ya kuma rage alawus ɗin kansiloli. Sarakunan Hausawa su nemi a karanta musu lissafi kafin wani sabon ƙari.