Zauren Kwamfuta: Duba kafin ka goge

Kafin mu goge filashi a kwamfuta mai Linux, mu fara rubuta lsblk -f. Nan take za ta jero mana ma'ajiyan da ke jikinta da tsarin kowace: ext4, NTFS ko FAT32.

Sau da yawa faifan kwamfutar shi ne sda, filashinmu kuma sdb. Harafi ɗaya ne ya raba su, amma in muka miƙa wa mkfs, mai shimfiɗa sabon tsari, sunan da ba shi ba, aikin zango guda ya salwanta.

Dabarar ita ce: mu zare filashin mu duba jerin, mu mayar mu sake dubawa. Sunan da ya ɓace ya dawo, shi ne namu.

Sai mako mai zuwa.