A Raba Faifan Kwamfutar Makaranta Tun Ranar Farko

Ina da ƙorafi a kan masu saka manhaja a uwar garken makarantunmu. Mutum zai zo Kara-Kara da Ubuntu ko Windows, ya yi ta dannawa har ƙarshe, ya cusa manhajar da sunayen ɗalibai da makinsu a yanki ɗaya na faifan ajiya, ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa. Wannan ganganci ne, ba gwaninta ba.

Kowa ya san halin wutar NIGELEC, kuma ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki. Ɗaukewar wuta ba zato tana iya lalata manhaja. In aka goge yankin don a sake sakawa, makin ƴan ajin BEPC ya bi ruwa. A Ubuntu ma, bayanan aiki da ke taruwa a /var suna iya cika faifan har na'ura ta tsaya.

Maganin ba tsada: yanki ɗaya na manhaja, ɗaya na /var, ɗaya na /home don takardun yara. Mai cewa wani yankin zai yi kaɗan, ai da LVM ana ƙara masa girma daga baya. Sai dai rabon ba ya hana faifai mutuwa, don haka a riƙa kwafe makin a wani faifan daban kowane mako.

Malamai da iyayen da ke COGES, kada ku biya kowa sai ya nuna muku yadda ya raba faifan, a rubuce.